Hatimi Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Jena, 17 ga Agusta

Yayata Edelgard,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da tsohon nan nawa. Yaya ƙafar taki, kumburin ya saɓe? Yaya kuma iskar bakin teku? Ranar Lahadi na sake gwada kiran ki, na yi ta ɗaga murya har maƙwabciya ta leƙo ta taga, ke kuwa ba abin da kike cewa sai "Wa ke magana?" Tunda kin rantse ba za ki saka abin jin nan a kunne ba, na haƙura, na dawo ga biro da takarda.

Mu nan lafiya lau, in dai ana kiran gajiya lafiya. Volkmar ya samo sabuwar fitina. Kin tuna Siegmar, abokinsa mai dariyar nan kamar tari? Shi ya kawo masa kyautar fitilar leza ranar da ya cika saba'in da huɗu. Ba ta fi biro mai kauri ba, haskenta shuɗi ne, wai don nuna taurari. Muna zaune ana cin kek sai Volkmar ya haska bangon falo. Ɗigon bai fito zagayayye ba, ya fito dogo kamar ƙwayar shinkafa. Kowa ya ce kai, abin sha'awa. Shi kuwa ya ajiye cokali ya ce, "A garin nan? A cikin gidana?"

Siegmar ya ce masa, "Kai dai ka cika neman magana. Haka duk suke fitowa. In ya dame ka, ana sayar da gilashin gyaran, a kawo maka har ƙofa." Volkmar ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya ina wasa gilashi, yau in sayi na wani? Ci kek ɗinka, malam."

Ya yi mini bayani sau uku, ko ban tambaya ba. Wai hasken yana fitowa ne a baje ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, don haka sai an sa masa ƙananan gilasai biyu masu doro ta fuska ɗaya kawai, kamar an tsaga kwalba a tsaye, su daidaita shi. Su zai wasa da hannunsa, a ɗakin ƙasa, inda nake ajiye kwalaben tuffa.

Kin san abin da ke raina. Idonsa na dama ya mutu a tsakiya shekara shida ke nan, na hagun kaɗai ya rage mana. Hasken nan kuwa in ya daki gilashi ya dawo cikin ido, ko ƙiftawa ba za ka samu yi ba. Ya sayi jan tabarau na kariya har guda biyu, ya nuna mini don in kwantar da hankali. Amma na saka na gani: ɗigon kusan ɓacewa yake yi a cikinsa. To mutumin da ke son ganin gefen ɗigo, me zai yi? Ɗaga tabarau zai yi ya leƙa ta ƙasa. Na yi shekara talatin da takwas a masana'anta tare da irinsu, na san halinsu kaf.

Har takardar likita mai gida-gida da ke jikin firji ya cire, wadda aka ce ya riƙa kallo kowace safiya. Wai layukanta sun miƙe sosai, ga ɗigo a tsakiya, ta dace da auna haske. Da na yi magana sai ya ce, "Da sau ɗaya nake kallon ta a rana, yanzu sau ɗari. Likita ma sai ya gode mini."

Amma ina da makamina, Yaya. Kin san dokar wurin aikinmu: mai wasawa ba ya cewa ya gama. Sai ya ɗora gilashi a faranti ya kawo wa mai dubawa, ita ce za ta buga hatimi ko ta zana jan fensir ta mayar masa. Ni ce lamba arba'in da bakwai, kuma a kan jan fensir ɗin nan muka san juna, don sai da na mayar masa da faranti tara kafin ya yi zuciya ya zo ganin ko wace ce. Har yau bai iya kiran abu gamamme ba sai na duba, ko da katakon kanta ne. Don haka na faɗa masa ƙafata ba za ta taka matakalar ɗakin nan ba, kuma ba zan duba ba. In ya ga babu mai dubawa, zai gaji ya bari.

Ki gaida ɗanki Torsten da yaran in sun zo. Ki riƙa ɗaga ƙafar a kan matashi.

Ƙanwarki,
Ortrun

Jena, 24 ga Satumba

Yaya Edelgard,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da jiki. Wasiƙarki ta zo, na ji daɗi da likita ya ce ba sai an yi aiki a ƙafar ba. Kin ce in bar shi ya yi wasansa, wai namiji mai abin yi ya fi namiji mai zaman kujera. Ke mijinki kifi yake kamawa, Yaya. Kifi bai taɓa makantar da kowa ba.

Bai gaji ba. Ni ce na gaji. Tun bayan karin kumallo nake jin ƙarar nan ta ƙarƙashin dabe, shuu, shuu, har lokacin abincin rana, sannan a koma. Sautin da na yi murnar rabuwa da shi ranar da na yi ritaya, ga shi ya biyo ni har kicin. Ya narka kwaltar goge gilashi a tukunyar da nake dafa madara. Hodar gogewa ta rina mini tawul huɗu. Kullum ya hau sama sai na duba goshinsa, in ga ko akwai shatar tabarau a inda bai kamata ba. Sau biyu na gan ta. Ya ce gumi ya share.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, bari in faɗa miki. Ranar tara ga wata ina fere tuffa, sai ga shi ya hau da sauri har yana haki. Rabon da in ga fuskarsa haka tun ranar da aka haifi 'yarmu Katrin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Madam Jan Fensir, zo ki gani. Gilashi na uku ya yi." Wallahi sai da wuƙar ta tsaya a hannuna. Amma na ce a raina, in na sauka yau, gobe sai ya ce zai gyara wa Siegmar tasa fitilar, jibi kuma ya sayo mai ƙarfin da ya fi wannan. Ban ko ɗago kai ba na ce, "Na yi ritaya." Ya daɗe a tsaye riƙe da ƙofar. Daga baya ya ce, "To shi ke nan," ya koma a hankali.

Kwana uku bayan haka, muna cin dunƙulen dankali da kabeji, sai ya ce gara ma da ban zo ba, da na sha dariya. Wai ya sake dubawa da kyau, ɗigon yana da wutsiya ta gefen hagu, bai san yadda aka yi ya kasa ganin ta ba da farko. Ya naɗe na ukun a ƙyalle ya sa a akwati, ya fara na huɗu. Yanzu haka yana kan na biyar.

Ga kuma ƙorafin danshi. Gaskiya ne ɗakin yana da danshi, ni ma takardun da nake mannawa a kwalabe suna ɓamɓarewa. Amma shi ya mayar da abin waƙa. Wai takardar awonsa ta sha danshi ta lanƙwashe, layukan sun karkace, shi ya sa aikin ke ba shi wahala. Shekaranjiya na dawo daga kasuwa na tarar da shi da dutsen gugata yana goge takarda a kan teburin cin abinci. Har ya ƙona mata kusurwa ɗaya. Na ce, "Rigarka ba ka taɓa gogewa ba, sai takarda?" Ya ce, "Rigata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Ya daina karanta jarida ma. Wai masu bugawa sun lalace, ba su iya jera layi ba. Komai na duniya ya karkace in ban da shi. Ni dai na zuba ido, ina jira ranar da zai hau ya ce ya haƙura. Wani lokaci ina zama a kicin in ji ƙarar ta tsaya, sai in kasa kunne har ta ci gaba. Haka nake wuni, Yaya. Mutum ba ya ɗaukar kaya amma kafaɗunsa na ciwo.

Na sa miki kwalba biyu ta tuffa a hanya, ki duba ko sun iso lafiya.

Taki,
Ortrun

Jena, 30 ga Oktoba

Yaya,

Ina fatan kina lafiya.

Jiya da hantsi Volkmar ya hau sama ya yi wanka, ya saka farar riga, ya taje sumar da ta rage masa. Sannan ya zo kicin da ƙaramin faranti an rufe da ƙyalle, ya riƙe shi da hannu biyu yadda suke kawo mana a masana'anta. Babu gilashi a kai, makullin akwatin kayan aikinsa ne. Ya ce, "Na shida yana ƙasa a ɗaure. Ki duba sau ɗaya. Ko ki amince ko ki ƙi, makullin naki ne, na daina. Ni ma na gaji, Ortrun."

Na sauka. Ya ba ni jan tabarau, shi ma ya saka nasa, ya kashe fitilar ɗaki ya kunna lezar. Takardar tana manne a bango can ƙarshen ɗakin. Na matsa kusa na duba.

Yaya, ɗigon ya fi na ranar farko muni. Ya lanƙwashe kamar ƙwayar wake, gefe ɗaya a kumbure, ɗayan a tsuke. Shi kuwa yana bayana yana cewa, "Kin gani? Kamar an zana da kamfas. Mako bakwai ina bin wutsiyar nan, sai yanzu na kashe ta."

Ba zan ɓoye miki ba, na so in yi ƙarya. Kalma ɗaya ce. In ce ya yi, in karɓi makulli, in hau sama in dafa kofi, tsorona na wata biyu da rabi ya ƙare. Har na buɗe baki. Amma shekara talatin da takwas ban taɓa wuce da gilashi mai aibi ba, kuma na san mutumin nan. Volkmar yana da taurin kai, amma hannunsa bai taɓa yin irin wannan aikin ba. Sai na kai yatsa na shafa takardar. A miƙe take sumul, babu danshi ko kaɗan, ga ƙunar dutsen guga a kusurwa.

Na ce ya ɗaura mini na ukun. Ya ce, "Wancan mai wutsiyar? Me za ki yi da shi?" Na ce, "Mai dubawa ake tambaya dalili?" Ya yi ta gunaguni amma ya ɗaura. Ya ɗauki lokaci, don na lura da lalube yake nemo ƙananan kusoshin.

Da ya kunna, na ƙirga gidajen takardar. Bakwai a kwance, bakwai a tsaye. Na ƙirga ta kusurwa. Na sake ƙirgawa. Ban taɓa ganin abu zagayayye haka daga hannun mutum ɗaya a ɗakin ajiye tuffa ba. Shi kuma yana nuna mini da yatsa yana cewa, "Ga ta nan, ta hagu. Kin ga yadda ta ja?"

Na ce ya kashe. Na kunna fitilar ɗaki, muka cire tabarau. Na ce ya rufe idon dama ya kalli ɗigon tsakiyar takardar, ya faɗa mini yadda layukan suke. Ya ce, "Ai na faɗa miki, danshi ne, duk sun kwanta ta nan." Sai na ɗauko rularsa ta ƙarfe, wadda aka ba shi tun yana koyon aiki, na ɗora a kan layin. Na ce, "Ita fa?"

Ya matso, ya ja baya, ya karkata kai. Sannan ya ce da wata ƙaramar murya, "Ita ma ta lanƙwashe." Ya lalubo kujera ya zauna. Shi ya fi ni sanin cewa ƙarfe ba ya shan danshi.

Sai a lokacin maganar likita ta dawo mini, ta shekara shida da suka wuce: ranar da ya ga layukan nan sun karkace, kada mu jira gobe. Don wannan aka ba mu takardar. Ta daɗe a jikin firji har ta zama kamar kalanda, na manta abin da take yi a wurin. Shi kuma ya ga ta karkace, sai ya goge ta da dutsen guga. Tun tsakiyar Satumba aibin yana cikin idonsa, shi kuwa yana ta wasa gilashi yana gyara shi a bango.

Ko abinci ba mu ci ba. Na kira mota muka tafi asibitin ido, yana sanye da farar rigarsa. Sun riƙe mu har yamma, an ɗauki hoton cikin idon. Gobe da safe za mu koma. Zan rubuto miki.

Ortrun

Jena, 15 ga Nuwamba

Yayata Edelgard,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga katinki, na gode. Na karanta wa Volkmar, ya ce a gaya miki rubutunki ya karkace tun kafin idonsa ya lalace, don haka kada ki ɗora masa laifi.

Ba lezar ba ce. Likitar ta duba ta sake dubawa, babu ƙuna ko ɗaya. Ashe tsohon da gaske gumi yake sharewa. Ciwon da ya ci na daman ne ya tsallako, ruwa ya taru a bayan idon ya ɗaga wurin da ake gani da shi. An yi masa allura a cikin idon, za a riƙa yi duk wata. Ta ce suna sa ran tsayar da shi. Abin da ya riga ya tafi kuwa, wani zai dawo, wani ba zai dawo ba. Fuska yana gane ta, hanya yana bi. Jarida da ƙananan kusoshi, ta ce kada mu sa rai sosai.

Ta tambaye shi yaushe ya fara ganin karkatar. Wani zai ce bai tuna ba. Shi kuwa sai ya zaro littafin aikinsa daga aljihu ya miƙa mini in karanta, don ba ya ganin rubutun kansa. Na karanta da bakina: sha biyu ga Satumba, na uku yana da wutsiya. Likitar ta rubuta. Da ya fita, na tsaya na tambaye ta ko mako bakwai ɗin nan sun yi wani abu. Yarinya ce mai kirki, ta yi ta zagaye-zagaye. Na ce mata ni ma aikin dubawa na yi, ta faɗa mini kai tsaye. Ta ce a wannan ciwon, makonni suna da muhimmanci.

Da na sauka ranar tara, Yaya, da na ga ɗigon zagayayye na ce ya yi. Da ya zo bayan kwana uku da zancen wutsiya, da na ce ƙarya ne, na auna da kaina, kuma da a ranar mun tafi asibiti. Na zauna a kicin ina gadin idonsa daga haske, ina jin kaina mai wayo. Bai taɓa faɗa mini haka ba, ko sau ɗaya. Da ma ya faɗa, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Ya ba ni makullin kamar yadda ya yi alkawari. Gidan ya yi tsit, tsit ɗin da na yi ta roƙo, kuma ba na son sa. Yana zama kusa da rediyo, hannunsa na dama yana zagaye a kan gwiwarsa, bai ma san yana yi ba.

Ranar Talata na buɗe akwatin ɗinkina na ciro hatimina. Kin san na taho da shi lokacin da aka rufe sashenmu, ba wanda ya tambaya. Na ɗauko na ukun na kawo bakin tagar kicin da hasken safe, na yi masa duban da nake yi wa kowa. Na hura masa numfashi, na goge, na juya shi ta kowace fuska a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na nemi ƙarzuwa, na nemi ɓantarewa a baki. Da jan fensir a hannuna na yi, kuma da na samu abu da na zana. Na yi kusan awa ɗaya. Sannan na jiƙa hatimin da tawada na sa gilashin a kwali, na buga a murfin, na ɗora a faranti na kai masa.

Ya kawo kwalin kusa da fuska, ya kai shi gefe yadda yake yi yanzu, ya dawo da shi. Ya ce, "Me aka rubuta?" Na ce, "Arba'in da bakwai." Ya shafa wurin da babban yatsa har tawadar ta ɓata masa hannu. Ya ce, "Kin duba da gaske, ko tausayi ne?" Na ce, "Ka taɓa ganin na ji tausayin ka?" Ya yi dariya ya ce a'a, faranti tara shaida ne. Daga nan ya juya fuskarsa wajen rediyo, ni kuma na koma kicin na buɗe famfo.

Takardar ta koma jikin firji da ƙunarta. Kowace safiya kafin kofi ina tsayawa kusa da shi, ya rufe ido ɗaya, in tambaye shi layi bayan layi, in rubuta abin da ya ce. Ba na yarda da "lafiya lau".

Jiya na sauka ɗauko tuffa, sai na samu kaina ina ƙirga matakalar. Goma sha ɗaya ce, Yaya. Goma sha ɗaya kacal.

Ina roƙon ki abu ɗaya. Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu ki saka abin jin nan a kunne, ko da na rabin awa ne. Zan kira. Na gaji da takarda, muryarki nake so in ji.

Ki huta lafiya. Volkmar yana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Ortrun